Daga asubar Rikkos zuwa gindin Hawan Kibo: abin da fawabank na mota ya koya min

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba matata ta tashe ni, ta ce numfashin Inna ya sarƙe. Cikin Janairun 2023 ne, hunturu ya kankama, irin sanyin Jos da ko ruwan alwala sai an ɗumama. Na lulluɓe Inna da bargo, muka tallabo ta zuwa mota, na murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas. Na sake murɗawa, fitilun gaban direba suka dusashe, daga nan tsit.

Motata otomatik ce, ba a tayar da irinta da turi, ko da samarin Rikkos gaba ɗaya za su fito. Na ruga na buga ƙofar maƙwabcina direban tasi. Bawan Allah ya fito da rigar sanyi da sifana mai lamba 10, ya kwance batirin motarsa, ya ɗauko shi a kafaɗa. Kafin a kwance nawa, a ɗaura nasa, hannuwa na karkarwa, fitilar waya na rawa, mun ci kusan minti arba'in. Ina jin Inna a kujerar baya tana jan numfashi kamar ana zuƙar iska ta cikin kara. Allah ya taƙaita, mun isa asibiti, aka sa mata iska, zuwa hantsi ta farfaɗo. Amma waɗannan mintuna arba'in ba su bar zuciyata ba har yau.

A Abuja nake aiki, iyali suna Jos, kusan kowace Juma'a ina kan hanya. Makon da na koma na shiga kasuwa na sayi abin da ake kira fawabank na tayar da mota. Na zaɓi wanda lambar jikin kwalinsa ta fi girma, 99,800 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batiri yake ɗauka, kuma shi ne ya fi araha. Na sa shi a mota hankalina kwance. Bayan wata biyu na kai motar Dilimi don gyaran fitila, na nuna shi ga mai rewayarmu, dattijon da tun zamanin mahaifina yake mana aiki. Ya karɓa, ya jinjina shi a tafin hannu, bai ko buɗe ba.

"Ɗana, wannan ai holoƙo ne," in ji shi. "Ji nauyinsa."

Ya ɗauko wata ƙwayar batirin litiyom daga tsohuwar kwamfuta, mai kamar batirin tocila, ya ce mafi kyawun irinta ba ta wuce 3,500 mAh ba, nauyinta kuma kusan giram 50. Kafin a tara abin da aka rubuta a kwalina sai an jera kusan talatin, nauyinsu kaɗai ya haura kilo ɗaya. Nawa kuwa bai fi nauyin waya biyu ba. Muka gwada shi a wata mota da batirinta ya yi sanyi a garejin. Ya yi ƙara sau ɗaya, fitilarsa ta mutu.

Abin da ya faɗa min bayan haka shi ya gyara min tunani. Ya ce tayar da mota ba ya cin wuta mai yawa, ƙarfi yake so a lokaci guda. Kik ɗin ƙaramar motar fetur yana jan amfiya 150 zuwa 300, amma na daƙiƙa biyu ko uku kawai. Idan aka lissafa, wutar ba ta kai ta cika waya ɗaya ba.

"Ruwan da ke cikin randa daban, faɗin bakin da zai fito daban," ya ce. "Randa cike, in bakinta kamar na buta ne, ba za ka kashe gobara da ita ba."

Shi ya sa fawabank na waya, komai girmansa, ba ya tayar da inji. Ya ce in duba kaurin wayoyin, in duba baƙin nan da jan nan masu baki kamar awartaki, tagulla ne ko fentin gwangwani, in duba girman injin da aka ce na'urar tana ɗauka, sannan in nemi lambar Wh, ma'aunin jimillar wutar da ke cikin na'urar, wadda ta fi mAh faɗin gaskiya. Lissafin ba wuya: 20,000 mAh a bolt 3.7 shi ne 74 Wh. Wannan lambar ce ma ake dubawa a filin jirgi, inda aka yarda fasinja ya shiga da wanda bai wuce 100 Wh ba a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba.

Na sayi na biyu da kuɗin da ya ninka na farko sau uku, amma sai da mai kanti ya yarda muka gwada a motar wani mai kabu-kabu da ta ƙi tashi a bakin kantin. Murɗawa ɗaya ta kama.

Baba mai rewaya bai bar ni na tafi da shi haka ba, sai da ya sa na haɗa da hannuna sau uku yana tsaye a kaina. A kashe komai tukuna, fitila, rediyo, fanka. Ja a kan da ke da alamar +, baƙi a kan –, ko a jikin ƙarfen injin inda ba fenti, nesa kaɗan da batirin, domin batirin mota yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi ɗaya yana iya fasa shi, ruwan batir ya watsu a fuska. A murɗa makulli daƙiƙa uku zuwa biyar. In ba ta kama ba a dakata minti guda, wayoyin su huce. Da ta tashi a cire, baƙi tukuna sannan ja. Ya nuna min farin garin nan mai kore-kore da ke taruwa a kan batir, ya ce sau da yawa shi ne ke hana wuta wucewa, ruwan zafi da tsohon buroshi sun isa su raba ka da shi. Akwai kuma wani maɓalli da ake dannawa idan batiri ya mutu murus har na'urar ba ta gane shi. Ya ɗora yatsa a kai ya ce wannan yana kashe kariyar da ke hana ɓarna idan ka juya wayoyi, don haka kada in taɓa shi sai na haska tocila na ga + da idona. Batirin da ya kumbura ko yake yoyo kuwa, ya ce kada in kusance shi da komai.

Shekara ɗaya da rabi abin nan bai ba ni kunya ba. Na tayar da motoci a masallacin Juma'a, a kasuwar Farin Gada, a wurin aiki. Da muka hau da yara wajen duwatsun Shere lokacin hutun Sallah, shi ya caja wayoyi, shi ya kunna ƙaramin famfon taya da ƙaya ta sace mana iska, tocilarsa muka bi muka sauko da magariba ta riske mu. Na saba da shi har na daina tunaninsa, kuma daga nan matsalar ta faro.

A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan wuta da ke kawo lantarki Arewa suka samu matsala, jihohi da yawa suka yi fiye da mako cikin duhu, har da Filato. Man fetur ya haura naira dubu lita, janareta sai dai kallo. Masu cajin waya a bakin titi suka cika maƙil. Na shigo da na'urar cikin gida. Wayata, ta matata, ta Inna, ta maƙwabta biyu, ga fitilar karatun yara. Wayar da batirinta yake 5,000 mAh, na'ura mai 20,000 ba ta cika ta sau huɗu kamar yadda lissafi yake nunawa, sau biyu da rabi ne zuwa uku, saura yana tafiya a zafi da sauya ƙarfin wuta. Kwana biyu ɗigon haskenta huɗu suka koma ɗaya. A kwana na uku da safe, bayan na bar fitilar cikin mota a kunne tun daren jiya da muka yi neman wani abu, motar ta ƙi tashi. Na ɗauko na'urar. Ɗigo ɗaya yana caja waya, amma ba ya juya inji. Maƙwabcina direban tasi ya sake fitowa da sifanarsa, bai ce komai ba, sai sannu.

Ban yi nadamar cajin da na yi wa maƙwabta ba, ko yau aka ɗauke wuta zan yi. Abin da na gyara shi ne na raba aikin. Na sayi fawabank na waya daban don gida, na mota kuma na kafa masa doka: ba ya sauka ƙasa da ɗigo uku, ko wane ne ya roƙa, sai in rai ne a kan layi. Daga baya na yi ƙoƙari na sayi babbar tukunyar wuta ta gida mai batirin LiFePO4, wanda ya fi jure zafi kuma yake ɗaukar caji sau dubu biyu zuwa uku kafin ya gaji, inda litiyom na waya yake fara rauni bayan sau ɗari biyar ko makamancin haka. Ita ke riƙe fitila da fanka da na'urar shaƙa ta Inna, ana ciyar da ita da faifan sola ɗaya a rufin kwano.

Darasin da ya fi tsada kuwa a hanya na koye shi. Wata Juma'a na taso daga Abuja bayan la'asar, na wuce Keffi, na tsaya Akwanga na yi salla na sha shayi. Da na dawo, ƙas-ƙas. Na ɗauko na'ura, cikin minti biyu mota ta tashi, na ji daɗin kaina, na kama hanya. Akwai wata jar alama mai siffar batiri da ta tsaya a gaban direba ba ta mutu ba. Na gan ta. Na ce a raina in na yi gudu batirin zai cika ta ɗauke. Duhu ya shiga, na kunna fitila. Wajen Gwantu hasken ya fara zama rawaya. Bayan na wuce Forest rediyo ya ɗauke da kansa, allurai suka faɗi, kafin in kai gindin Hawan Kibo injin ya mutu ɗif, sitiyari ya yi nauyi a hannuna. Da ƙyar na gangara gefe. Tireloli suna saukowa daga hawan da warin birki, ni ko fitilar gargaɗi babu.

Na haɗa na'urar, ta tashi. Na cire, ko mita ɗari biyu ban yi ba ta mutu. Na sake, haka. A karo na uku na tsaya na kira Baba.

"Jar fitilar batir tana kunne tun yaushe?"

"Tun Akwanga, Baba."

Ya yi shiru kaɗan. "Altanato ne, ɗana. Motar ba ta caji. Batir ka yi ta ci tun daga can. Kada ka ƙara tayar da ita, kuma ko ta tashi kada ka hau Kibo da ita a daren nan. Inji ya mutu maka a tsakiyar kwana, birki zai yi tauri."

Na kwana a gidan man da ke kusa, bayan wasu matasa sun taya ni turawa. Tocilar na'urar ce na ajiye a bayan mota tana walƙiya har muka kauce daga titi, ita ce kuma ta riƙe wayata har safe ina magana da gida. Washegari aka kawo mai gyara, ya sa mita: inji na aiki amma bolt 11 da 'yan kai take nunawa, alhali lafiyayyen altanato yana ba da 13.8 zuwa 14.4. Da a ce na tsaya gyara a Akwanga, inda masu rewaya suke birjik a bakin titi, aikin awa ɗaya ne.

Tun daga ranar akwai ƙaramar mita a aljihun motata. Da safe kafin in tayar, in ta nuna 12.6 batiri cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa sai bincike. Sanyin Jos ba shi ke kashe batiri ba, zafin Abuja ne yake cinye shi a hankali, sanyi ya zo ya tona asirin, domin mai yana kauri, inji yana nauyi, batirin kuma ƙarfinsa ya ragu. Zafin nan bai bar na'urar ba ita ma. Motar da aka rufe a ranar Maris a Abuja cikinta yana haura digiri 60, kuma na ga ta wani abokin aikina da ya bari a kan kujera ta kumbura kamar burodi har gidanta ya tsage. Na hana shi jefa ta a bola, inda ake cinna wa shara wuta, muka kai wa masu sayen tsofaffin batura. Tawa ina shiga da ita ofis a jaka, kuma duk ranar da albashi ya shigo nake jona ta ta cika, ko na yi amfani da ita ko ban yi ba.

Makon jiya a Farin Gada wata baiwar Allah da ta sayi buhun dankali da kabeji ta tsaya da bonet a buɗe, yara biyu a baya. Na tayar mata, na sa mita kafin ta ja. Bolt 12 daidai, inji na aiki.

"Hajiya, ina kika nufa?"

Ta ce Bukuru.

"Don Allah kada ki kunna fanka ko rediyo, kada ki kashe ta a hanya. Ki biyo ni Dilimi tukuna, ba nisa."

Ta biyo ni a hankali har ƙofar garejin Baba. Bel ɗin altanato ne ya saki, ya ɗaure shi cikin minti goma, mita ta hau 14.