Duna ya tsufa, kuɗin inshorarsa ya ninka

Duna baƙin kare ne, jinsin Labrador, shekararsa 11 yanzu. Tun yana kwikwiyo muka karɓo shi, lokacin da muka samu gida mai ɗan fili a baya a Leeds, kuma a watan farko na yi masa inshora. A Ingila mutum yana da NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ya je asibiti a duba shi bai biya ko sisi ba. Dabba ba ta da wannan gata. Duk abin da likitan dabbobi ya yi, daga aljihunka zai fito.

Da fam 20 da ɗoriya na fara a wata. Kowace shekara ana ɗan ƙarawa, ba ya kai ya dame ni. Da ya haura shekara 8 sai lamarin ya sauya kama. Kuɗin wata ya soma hawa da gudu, sannan aka shigo da sabon sharaɗi: bayan kuɗin da ake fara cirewa a kowace jinya, sai na biya kashi 20 cikin 100 na ragowar. Takardar sabuntawa ta bana da fam 118 a wata ta zo.

Abin da kowa zai fara yi shi na yi, na shiga shafukan kwatanta farashi. Ga kamfanoni nan masu araha, wasu rabin abin da nake biya. Sai da na zauna na karanta sharuɗɗansu layi-layi na ga inda gizo ke saƙar. Duk ciwon da aka taɓa gani a jikin kare kafin ka shiga, yawancinsu ba ruwansu da shi. Duna kuwa tun yana shekara 9 yake fama da amosanin gaɓɓai a ƙafafun baya, kuma komai yana rubuce a fayil ɗinsa na asibiti, wanda sabon kamfani zai nema ranar da ka kawo buƙata. Ko ɗingishi aka taɓa rubutawa sau ɗaya, ya isa hujja. Wasu ma idan gwiwa ɗaya ta taɓa ciwo, ɗayar ma sun cire ta. Tawa inshorar irin ta tsawon rai ce, adadin da suke biya yana sabuntuwa duk shekara muddin ban yanke ba. Ranar da na yanke, ƙafafun Duna sun fita daga kariya ke nan har abada. Gaba kura, baya sayaki.

A ganina wannan ba adalci ba ne, domin kamfanin ya san mai tsohon kare ba shi da wurin gudu. A Janairun 2022 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta hana a caji tsohon abokin ciniki fiye da sabo, amma dokar inshorar gida da ta mota kawai ta shafa, ba ta haɗa da dabbobi ba. Ga kuma harajin gwamnati na kashi 12 cikin 100 a kan kuɗin inshorar. Su ma asibitocin farashinsu ya tashi. Hukumar CMA mai sa ido kan gasa a kasuwa ta fara duba harkar a 2023, ta ce a 2013 kusan kashi 10 cikin 100 na asibitocin dabbobi ne ke hannun manyan kamfanoni, yanzu sun kai wajen kashi 60. Asibitinmu ma an saye shi, sunan da ke ƙofa bai canja ba, likitocin su ne dai, rasit ne ya canja.

Maiɗakina ta ce, "Baban Hafsat, kuɗin nan ya kai cefanen mako guda fa. Me zai hana mu daina, mu riƙa zuba shi a asusu?" Magana ce mai ma'ana, don haka muka ɗauko takarda. A shekara fam 1,416 ke nan. Muka haɗa allurar Librela da ake masa duk wata, da ruwan meloxicam na kwanakin da ciwon ya tsananta, da gwajin jini don duba ƙoda. Abin da kamfanin ke mayar mana ya kusa abin da muke ba su. Idan kuma jijiyar gwiwa ta tsinke, abin da ya zama ruwan dare ga wannan jinsi, tiyatar fam 3,000 ce zuwa sama. Da ƙaramin kare ne lafiyayye, shawararta zan bi. Ga Duna lissafin bai ba da haka ba.

Sai muka zauna, amma muka rage nauyin. Na kira su a waya na ce a ƙara kuɗin da ake fara cirewa, a cire tarkacen da ba ma buƙata, irin su kuɗin cigiya idan ya ɓata. Ya sauko ƙasa da fam 100. Na kuma nemi likita ta rubuta mini takardar magani. Hakkinka ne ka nema, ko da yake ana biyan kuɗin rubutawa, kuma a kantunan intanet masu rajista da hukumar VMD mai kula da magungunan dabbobi maganin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Likitar ta nace a rage masa ƙiba, domin Labrador ba ya ƙin abinci, kuma da ya sauke kilo uku tashinsa da safe ya yi sauƙi. Ƙungiyoyin agajin dabbobi na PDSA da Blue Cross suna taimakon masu karɓar tallafin gwamnati, mu ba ma ciki.

'Yan uwa a gida in sun ji adadin sai su ce, "Kare ne fa!" Na san abin da fam 100 ke yi a Kano, ba na raina maganarsu. Amma ni na ɗauko shi da hannuna, ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma amana ce a wuyana ko da dokar kula da dabbobi ta 2006 ba ta ce haka ba.

Na zauna da likitar na tambaye ta kai tsaye wace jinya ce za ta amfane shi a wannan shekaru, wacce ce wahala kawai. Mun tsaya a kan cewa duk abin da zai rage masa zafi za a yi, babbar tiyata kuma sai in akwai kyakkyawan zaton zai miƙe bayanta. Mun buɗe asusun da maiɗakina ta kawo shawara, muna zuba fam 30 duk wata don kason da ke kanmu, domin takardar baɗi ma da ƙari za ta zo.