Rumfar Dalí a baje kolin duniya na 1939

Har gobe rumfar da Salvador Dalí, shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, ya gina a baje kolin duniya na birnin New York, a 1939, tana burge ni. Mafarki ya so mutane su shiga da ƙafafunsu. A ciki akwai katon tankin gilashi cike da ruwa, mata na ninkaya suna danna fiyano, fiyanon kuma siffar jikin mace ne da aka yi da roba. Can gefe, laimomi na reto daga rufi.

Inda aka samu matsala shi ne kuɗi. Mai masana'antar robar da ya zuba jari ya dage sai an sa wa matan jelar kifi ta roba, hajarsa ke nan. Masu shirya bikin kuma suka hana shi ɗora kan kifi a jikin hoton Venus, allahiyar soyayya ta Romawan da. Ransa ya ɓaci matuƙa, har ya wallafa takardar neman 'yancin tunani.