Bizar Sifaniya da kuɗin ƙofar Alhamra: yadda na bi

Duk wanda ya ce maka kuɗin bizar Turai Yuro 90 ne bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗa maka mafi ƙanƙantar abin da za ka kashe. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Tun ina karatun zaure nake jin sunan Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, a bakin malamai, domin Ƙurɗubi mai tafsiri da Alfazazi mai Ishiriniya duk haifaffun Ƙurɗuba ne. A ƙarshen 2024 Allah ya hore mini na je na ga wuraren nan da idona, kuma tun da na dawo 'yan layinmu ke tare ni da tambaya iri ɗaya: yaya aka yi suka ba ka biza?

Sifaniya tana cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, waɗanda biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu duka. Ingila ba ta ciki, Ayaland ma haka. Bizar yawon buɗe ido ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta. Wannan na biyun yana da muhimmanci, don akwai masu ba da shawarar wai ka nemi ta wata ƙasa da ake ganin ta fi sauƙi, in ka shiga sai ka wuce inda kake so. Jami'in bakin iyaka yana da ikon tambayarka otal ɗinka da tikitin komawarka, in ya ga labarin ya saɓa da bizar, yana iya mayar da kai daga filin jirgi.

A watan Yunin 2024 aka ƙara kuɗin bizar daga Yuro 80 zuwa 90. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana biyan 45, na ƙasa da haka kyauta. A canjin lokacin da na nema, Yuro 90 ta haura naira 150,000. Kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci shi ma yana da nasa kuɗin aiki. Sai inshorar lafiya ta tafiya, wadda dole ta iya ɗaukar nauyin jinya har Yuro 30,000 a duk faɗin yankin. Sai hoto, sai kuɗin da banki ke cira kafin ya buga maka bayanin asusu da hatimi, sai kuɗin mota daga Kano zuwa Abuja da kwana a can, tunda dole mutum ya je da ƙafarsa a ɗauki hoton yatsunsa. Fasfo kuma sai ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma ba a yi shekara goma da bayar da shi ba.

Waɗannan duk lissafi ne, kowa zai iya haɗa su. Inda aikin yake shi ne bayanin asusun banki.

Sifaniya tana ɗaura kuɗin guzuri da mafi ƙarancin albashin ƙasarta. A 2024 ana so baƙo ya nuna Yuro 113.40 na kowace rana, kuma ko kwana uku zai yi, kada abin da ke hannunsa ya gaza Yuro 1,020.60. A 2025 adadin ya koma 118.40 a rana. Mutane da yawa suna jin haka sai su ɗauka abin da ake nema shi ne a ga kuɗi jibge a asusu ranar kai takarda. Shi ya sa ake samun ejan-ejan masu ba da aron miliyoyi na mako biyu, a zuba, a buga takarda, a kwashe. Wani ya same ni har shago da wannan tayin. Ya ce, "Alhaji, asusun nan naka ya cika shige da fice, bari mu zuba maka wani abu ya zauna, sai su ga nauyinka." Na ce masa, "Malam, shige da ficen nan ai shi ne kasuwar." Mai duba takarda ya ga asusu dubbai. In ya ga wata biyar ana ta 'yan dubu ɗari, sai kwatsam miliyan goma sha biyar ta faɗo ana saura mako guda, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce daga ina, kuma ba ka nan balle ka ba shi amsa.

Matsalarmu mu 'yan kasuwar Arewa ta gaske ce, kuma ban ga ana maganarta ba. Ciniki mai yawa da tsabar kuɗi ake yin sa, ko ya bi ta asusun yaron shago, ko ta mai POS na bakin layi. Mutum yana juya dukiyar da ma'aikacin banki ba zai tara ba a shekara biyar, amma a takarda kamar ba shi da komai. Abin da ya taimake ni shi ne tun da jimawa na yi wa shagon rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na buɗe masa asusu da sunansa, na kuma hana a karɓi kuɗin dila ko na kwastoman Nijar da Chadi ta wata hanya in ba ta nan ba. Da lokacin ya yi, na haɗa bayanin wata shida na asusun shago da nawa na kaina, da takardar rajista, da shaidar biyan haraji, da rasit na hayar shago. Na ƙara da takardar aure da ta haihuwar yara. Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya da Turanci mai sauƙi, na ce ga ni, ga sana'ata, ga garuruwa uku da zan je, ga ranar da zan dawo saboda kasuwar azumi na gabatowa kuma sai ina nan ake sauke kaya.

Duk tarin takardun nan amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: me zai dawo da kai gida? Ba su damu sosai da abin da zai kai ka ba. Wanda aka hana ana ba shi fom mai jerin dalilai, a yi alama a gaban wanda ya shafe shi, kuma wanda na fi gani a hannun mutane shi ne shakkar ko mai nema zai fita kafin bizarsa ta ƙare.

A nan ne raina yake ɓaci. Fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da ke neman wannan biza ana hana su, kuma ko sisi ba a mayarwa. Ranar da na kai takarduna, wata dattijuwa ce a kusa da ni, za ta je ganin jikan da aka haifa mata. Tana riƙe da fayil da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Ta ce, "Ɗana, duba mini ko na jera su daidai." Na duba, na ce, "Hajiya, sun yi, Allah ya sa a dace." Kuɗin da ta biya a ranar ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000 sau biyu, kuma in aka hana ta, sun tafi ke nan. Ƙasa tana da haƙƙin tsare ƙofarta, ban musa ba. Amma karɓar kuɗi mai nauyi haka daga mutanen da aka san kusan rabinsu za a mayar, ba tare da an rage musu komai ba, ni ban ga adalci a ciki ba. Doka ta ba wanda aka hana biza damar ɗaukaka ƙara, sai dai yawancinmu sun gwammace su sake biya su sake nema.

Ƙa'ida ta ce ana yanke hukunci cikin kwana 15, yana iya kaiwa 45, kuma ana iya nema tun ana saura wata shida tafiya. Samun ranar ganawa shi ya fi cin lokaci, don haka na fara da wuri. Tikitin jirgi ban biya shi duka ba, ajiyar kujera na yi, otal kuma na zaɓi wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba.

Da fasfo ya dawo, na zauna na karanta takardar da aka manna layi-layi. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin zama, kuma abubuwa biyu ne daban. Ana iya ba ka wata guda tsakanin ranakun, amma kwanakin zama 15 kacal. Tawa shiga ɗaya ce, an rubuta 01. Ma'anarta in na hau jirgin ruwa daga kudancin Sifaniya na leƙa Tanja ta Maroko, ba ni da hanyar komowa, ga shi Marokon ma tana neman tata bizar daga ɗan Najeriya. Wani abin da ya kamata a sani: fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ake nema wa bizar sauya jirgi a filayen jiragen Shengen, ko da mutum ba zai fita waje ba. Mai zuwa wata nahiya ta Faransa ko Jamus ya bincika wannan kafin ya sayi tikiti mai arha.

Bayan biza akwai kuɗin ƙofa. Alhamra da ke Garnaɗa, fadar sarakunan Banu Nasr waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1492, tikitinta a 2024 wajen Yuro 20 ne, amma kuɗin ba shi ne wahalar ba. Ana ƙayyade yawan masu shiga, tikiti yana ƙarewa makonni kafin ranar, ana buga shi da sunanka da lambar fasfonka, kuma ɓangaren fadar sarakuna yana da sa'ar da aka rubuta maka. In ka makara, ka rasa. Na saye shi ta intanet tun biza ba ta fito ba, na sa kwafinsa cikin fayil, don ya ƙara nuna cewa tafiyar da na faɗa ita zan yi. A ƙofa sai da aka haɗa fasfona da tikitin kafin a bar ni na wuce. A ciki, ko'ina ka ɗaga kai a bangon filasta an sassaƙa "Wa la galiba illallah", a jere, ɗaruruwa, wasu a daidai kafaɗarka har kana ganin sawun abin sassaƙar. Na karanta su ba tare da ɗan jagora ba, da karatun allon da aka yi mana a Kano.

Babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ya koma coci tun 1236. Na biya Yuro 13. Daga Litinin zuwa Asabar ana shiga kyauta da safe daga 8:30 zuwa 9:30, ga wanda ya zo shi kaɗai ba cikin ayari ba. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi suna sa ido, kuma ya kyautu mutum ya san haka tun daga gida don kada ransa ya sosu a gaban mihrabi. Madinatuz Zahra, kufan birnin halifofin Ƙurɗuba da ke bayan gari, kyauta ce ga 'yan Tarayyar Turai, mu kuma Yuro 1.50, ban da kuɗin motar da ke hawa da mutane. Salla kuwa na yi ta a masallacin unguwar Albaisin ta Garnaɗa, wanda aka buɗe a 2003.

Hoton yatsun da aka ɗauka yana aiki har wata 59, don haka nema na gaba ba lallai sai an sake ba. Dokar Shengen ta kuma tanadi cewa wanda ya karɓi biza uku cikin shekara biyu, ya yi amfani da su yadda ya dace, ana iya ba shi ta shekara guda mai shiga da fita. Saboda haka na adana rasit na otal da katin shiga jirgi na dawowa a cikin fayil ɗin. Ƙanena da ke riƙe mini shago yana son zuwa baɗi, kuma tun watan jiya na fara biyan shi albashinsa ta banki.