Kafin ka hau jirgin ƙasa a Sin lokacin sabuwar shekararsu

Ƙannena masu shirin zuwa Sin saro kaya, musamman ku 'yan Aboabo da Asawase da kuka fara tara jari a Kejetia, ku duba ranar da sabuwar shekarar Sinawa za ta kama kafin ku tsai da ranar tafiya. Ba 1 ga Janairu ba ce. Da wata suke lissafinta, shi ya sa take yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ta kama 10 ga Fabrairu, a 2025 kuma 29 ga Janairu.

Ni ban duba ba. Ina Guangzhou na ji ana ta zancen biki, sai na ce bari in hau jirgin ƙasa zuwa Yiwu, in sha kallo, in kuma saro kaya a babbar kasuwar Futian.

Mu mutanen Kumasi mun saba da mota. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa garinmu, yawancinku ma ba ku taɓa shigarsa ba. Ka je tashar Asafo, ka biya, ka zauna har mota ta cika. Can ba haka ba ne. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin ranar tafiya, a manhajar 12306, da sunanka da lambar fasfonka, kuma a wannan lokaci kujerun manyan hanyoyi kan ƙare tun ranar da aka buɗe. Dalili kuwa, ma'aikatan masana'antu da ɗalibai duk gida suke komawa, cunkoson kuma kwana 40 yake ɗauka. A Janairun 2008, da ƙanƙara ta tsai da jirage, dubban ɗaruruwan mutane ne suka maƙale a tashar Guangzhou. Ni da na je a makare, tikitin tsayuwa na samu: kuɗin kujera na biya, a bakin ƙofa na yi tafiyar, ina jingine da jakata.

Ka karanta sunan tashar da kyau, don Guangzhou tana da tashoshi da dama, kuma ta Kudu, inda yawancin jirage masu gudu ke tashi, tana da nisa da Xiaobei inda mutanenmu ke sauka. Ana rufe ƙofa 'yan mintoci kafin jirgi ya tashi, babu kwandastan da zai ji roƙonka.

Sai sanyi. Kada hunturun Kumasi ya ruɗe ka, wanda rigar sanyi ɗaya da man kaɗanya ke maganinsa. Guangzhou da sauƙi, amma Yiwu a Janairu ruwa na iya daskarewa da dare. Abin da ban sani ba shi ne, dumama gidaje da gwamnati ke yi a arewacin ƙasar ne kawai. Yiwu tana ɓangaren kudu, don haka ɗaki mai araha kan yi sanyi kamar waje. Ka sayi riga mai kauri da safa da hular sanyi tun kafin ka shiga jirgi. Ka riƙe guzurinka kuma, garin rogo da sukari da gyaɗa ma sun isa, akwai ruwan zafi kyauta a jirgin. Wuraren cin halal da aka saba dogara da su, wasu a kulle za ka tarar.

Kallon da na je nema ma bai kai yadda na zata ba. Bikinsu na cikin gida ne, iyali su taru su ci abinci a daren jajibiri, a ba yara kuɗi a jan ambulan. Garin kasuwa irin Yiwu, da baƙi suka cika shi, watsewa yake yi. Kasuwar a rufe take sai wajen mako biyu bayan ranar, masana'antu kuwa sukan fi haka jinkiri, don sai ma'aikata sun dawo.

Nan ne asarar take. Kaya daga Sin zuwa tashar ruwan Tema kan ci fiye da wata guda a teku, ban da fitarwa. Shekarun nan azumi na biyo bayan bikinsu kusa-kusa, don haka wanda ke son takalma da jakunkunan Sallah ya ba da oda tun Nuwamba ko farkon Disamba, ya kuma tambayi mai masana'anta ranar da zai rufe da ranar lodin ƙarshe. Wanda bai samu haka ba, ya bari sai an yi bikin fitilu, ranar 15 ga watansu na farko, sannan ya yanki tikiti.