Abin da sauke wata tsohuwar MG ya koya mini game da tsayin mota

A Zariya in ka ji mai mota ya zo wa bakanike da maganar tsayin motarsa, to ɗagawa yake nufi. Direban Sharon mai jigilar Kano yana so a cusa masa roba a sifirin ɗin baya saboda lodi. Mai a-kori-kurar da ke kwaso masara daga Giwa yana so a ƙara masa falle biyu. Mai Golf ya gaji da jin salansa tana kartar ƙasa duk lokacin da ya sauka daga kwalta. Shekarun da na yi ina koyon aiki a garejin maigidana a Sabon Gari, a kan wannan hannuna ya faɗa, kuma haka muke kallon abin: mota mai tsayi ita ce mai lafiya. Ba banza ba mutanenmu suka riƙe Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Cikinta a ɗage yake, ƙafafunta kuma suna da wurin motsi.

Aikin da ya sa na fara fahimtar tsayin mota da gaske kuwa, na saukewa ne. Wani dattijo, tsohon malamin jami'a da ke zaune a Samaru, shi ya kawo mana MGB, 'yar ƙaramar motar Ingila mai kujera biyu da rufin tamfol. Ya ce a hannun wani Bature abokin aikinsa ya saye ta lokacin da zai koma gida. Inji lafiya lau, fulogi huɗu, 1798cc. Kukansa guda ne: motar ta yi tsayi, in ya sha kwana tana kwantawa gefe, kuma ya ga hotunan irinta na farko-farko sun fi tasa zama a ƙasa. Yana so a sauke masa ita inci biyu.

Baba, kamar yadda muke kiran dattijon, yana da gaskiyarsa, kuma shi ya ba mu tarihin. An ƙera MGB a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan, kuma Amurka ce babbar kasuwarta. A 1974 dokokin Amurka kan ƙarfin bamba da tsayin fitilu daga ƙasa suka matsa wa kamfanin. Maimakon su sake fasalin jikin motar, sai suka cire siraran bambobin ƙarfe masu walƙiya, suka sa manyan baƙaƙe masu nauyi, sannan suka ɗaga motar gaba ɗaya da inci ɗaya ko ɗan fiye. Nauyi ya ƙaru a can ƙarshen gaba da baya, jiki ya yi sama, riƙon hanya ya ragu. Sai wajen 1977 suka ɗan gyara lamarin da sandunan hana kwanciya gaba da baya. Motar Baba mai baƙar bamba ce, ta kafin wannan gyaran. Wato abin da yake ji a kwana ba tsufa ba ne kawai, da shi ta fito daga masana'anta.

Wani mai walda da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ce aikin rabin yini ne: a hura wa sifirin wutar gas har ya yi ja, motar ta zauna da kanta. Maigida bai ko ɗaga kai ba. Daga baya ya yi mini bayani, kuma ban taɓa mantawa ba. Ƙarfen sifirin dafaffe ne, an gasa shi an sanyaya shi bisa ƙa'ida don ya riƙa lanƙwasa yana komawa. Da zarar wuta ta taɓa shi wannan halin ya tafi. Yau zai zauna inci ɗaya, wata mai zuwa ya ƙara zama, dama da hagu ba za su yi daidai ba, wata rana kuma ya karye a kan hanya. Yankewa da garanda ta fi wuta dama-dama, amma ita ma da nata: duk zagayen da ka cire sifirin yana ƙara tauri, kuma bakinsa da aka daidaita don ya zauna daram a mazauninsa ya tafi ke nan. Har yau ina ganin ana yin duka biyun a garin nan, kuma raina yana ɓaci, domin mai motar biya yake yi a lalata masa abin da ke riƙe da ransa.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, awo muka yi. Muka tura motar kan siminti mai shimfiɗa ɗaya, muka daidaita iskar tayoyi, aka cika tanki. Maigida ya hana ni aunawa daga ƙasa. Ya ce daga tsakiyar wili zan ja tef zuwa bakin madigadi, don kada taya ta yi mana ƙarya. Kusurwa huɗu, kowace na rubuta da alli a bango. Nan muka ga ɓangaren direba ya fi ɗayan zama, abin da ido bai nuna ba, saboda shekara da shekaru mutum ɗaya ke hawa.

Sai kuma awon da ban taɓa ganin an yi ba, awon hanya. Maigida ya ce da dattijon, "Ranka ya daɗe, a Ingila aka yi ta, amma a Samaru take kwana. Bari mu tambayi hanyar taka tukuna." Ya sa na kwanta a ƙarƙashin motar na nemo abin da ya fi kusa da ƙasa, wato tukunyar salansa ta tsakiya. Muka yanko guntun soson katifa mai kaurin inci biyu, muka ɗaure shi da waya a kusa da wurin, inda zafi ba zai cinye shi ba, muka shafa masa farin fenti a ƙasa. Ni da Baba muka shiga, muka bi hanyar da ya saba bi, ta PZ da Kwangila har ƙofar gidansa, da duk tudun rage gudu da ke tsakani. A kan kwalbatin shiga gidan nasa na ji soson yana gogar siminti. Da muka leƙa, fentin ya goge tas, gefe guda ma ya yage. Da aka rage soson zuwa inci ɗaya ya wuce da fentinsa, sai 'yar ƙura. Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Malam, inci ɗayan." Babu wanda ya yi masa gardama, da idonsa ya gani. Daga ranar na daina jayayya da mai mota a kan abin da zan iya nuna masa.

Ƙafar gaban MGB ita ta fi ba ni karatu. Shokozobarta ba irin doguwar nan da muka saba da ita ba ce. Wani ɗan akwati ne mai mai a ciki, da hannu da ke hawa yana sauka, kuma wannan hannun shi ne hannun sama da ke riƙe da ƙafar. In ta yi sanyi, ba tsalle kawai motar za ta riƙa yi ba, tsayuwar tayar ma ta taɓu. Sifirin kuma yana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, ba a bakin taya ba. Kamar ƙyaure ne: kusa da hinji motsi kaɗan, a bakin ƙofa motsi mai yawa. Don haka abin da ka rage a tsawon sifirin ba shi za ka gani a taya ba, na taya ya fi yawa. Wanda ya rage inci ɗaya a sifirin yana zaton inci ɗaya zai samu, zai wayi gari motar ta wuce inda ya so.

Akwai kuma robar da ke tare ƙafa in ta kai ƙarshen hawanta. Tazarar da ke tsakanin wannan roba da inda take bugawa ita ce duk wurin da sifirin ke da shi na yin aiki. Ka sauke mota, daga wannan tazarar ka ci. In ta ƙare, motar a kan roba take tafiya, duk ramin da ta faɗa kai-tsaye yake shiga jiki, taya kuma ta riƙa barin ƙasa a daidai lokacin da ake buƙatar ta kama. Ga maganar sitiyari. Tairod, wato sandar da ke kai murɗin sitiyari ga taya, da hannun ƙasa an tsara su ne su riƙa tafiya tare. Da tsayi ya sauya da yawa, sai kowa ya kama gabansa, taya ta riƙa juyawa da kanta duk lokacin da ta hau tudu, direba bai murɗa komai ba. A masu baƙar bamba abin ya fi fitowa, domin a gaba ba da dogon sifirin kawai aka ɗaga su ba, gadar ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun aka sauya. Gajeren sifirin yana sauke jiki, amma ba ya mayar da ƙafar yadda ta tsohon samfuri take. Shi ya sa inci ɗaya abu ne da motar za ta ɗauka, inci biyu kuwa neman magana ne ko da hanya ta yarda.

Sifirin ɗin gaba ɗan Baba ne ya aiko da su daga waje, waɗanda aka yi musamman don wannan aikin. Jiran isowarsu ya fi aikin kansa tsawo.

Baya ya fi sauƙi. Sifirin mai falle-falle ne, aksil kuma, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, a samansa yake zaune. Sai a sa ɗan tubalin ƙarfe tsakanin su biyun, aksil ya yi sama, jiki ya sauko. A tifa da gingimari, inda sifirin ne a saman aksil, wannan tubalin ɗaga mota yake yi. Abu ɗaya, sakamako biyu, ya danganta da wanda ke kan wani. Mai injin gyaran ƙarfe a Tudun Wada ya yanka mana tubalan, da ɗan hancin da ke shiga rami don aksil kada ya zame. Yubol, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure aksil da sifirin, sai da aka samo dogaye sababbi. Maigida ba ya mayar da tsohon yubol, ya ce wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe. Bayan an ɗaure ya sa na yanke rarar da ta leƙo ƙasa, ya nuna mini dalili: in taya ta yi faci, bai kamata wani ƙarfe ya riga bakin wili taɓa kwalta ba. Ɗamarar da ke hana aksil saukowa fiye da kima ita ma aka sa gajera.

Wannan aikin ya sauya yadda nake karɓar masu neman a ɗaga musu mota, kuma su ne cin abincina na kullum. Lissafin ɗaya ne, juya shi kawai aka yi. Ka cusa wa motar da ke ja da ƙafar gaba roba mai kauri, shaf ya karkace fiye da yadda aka tsara shi, robarsa ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Taya ta fara cin gefe ɗaya. Nauyi ya yi sama, ga lodi a kan rufi, ga gudu a hanyar Kaduna. Yanzu in direba ya ce mini, "Oga, ɗaga min ita," tef nake fara ɗauka. Sau da yawa motar ba gajera ba ce, sifirin ne ya gaji ya zauna, kuma mai kyau irin nata yana dawo mata da tsayinta ba tare da an ƙara komai ba. Wani ya yarda, wani ya ce tsada, ya wuce garejin gaba. Na san halin da ake ciki, kuɗin mai da na balas ba sa barin direba ya numfasa, ba na ganin laifinsa. Amma abin da na san zai kayar da mota da fasinja a ciki ba na sa hannuna.

Ƙarshen aikin MG ɗin ƙananan abubuwa ne da ake yawan tsallakewa. Ba mu ƙarasa ɗaure notinan bushin tana kan jak ba. Sai da muka sauke ta a kan tayoyinta, muka tura ta gaba da baya, muka danna kowace kusurwa, sannan na shiga rami na ɗaure. Bushin roba in an ɗaure shi ƙafa tana lilo, da mota ta zauna a murɗe zai kasance, ba zai yi ƙarko ba. Muka ƙara wa shokozoba mai, muka bi duk kan giris na ƙafar gaba. Aka kai ta alaimen, aka sake saita fitilu a jikin bango da daddare. Bayan ta ɗan yi yawo Baba ya dawo da ita kamar yadda maigida ya nema, na sake jan tef a kusurwa huɗun na gwada da alƙaluman da ke bango. Ta sauka inci ɗaya, dama da hagu sun yi daidai, yubol ɗaya ne ya nemi ƙarin ɗauri. Baba ya ce a shataletale yanzu ba ya jin tana neman zubar da shi.

Tsofaffin sifirin, da yubol, da ɗamarar baya, maigida ya sa na wanke su da kananzir, na shafa musu baƙin mai, na ɗaure a buhu na sa a but. Ya ce wa dattijon ya adana, domin ba mu yanke komai a jikin motar ba, ba mu yi walda ba. In ya sauya gida, ko wanda zai gaje ta ya fi son tsayinta na masana'anta, za a sake sa sifirin na gaba, a zare tubalan baya, a sayi sabon yubol mai tsawon na buhun.