Monstera ɗina ta koma sabuwar tukunya, ga yadda muka ƙare

Salamu alaikum 'yan uwa masu fama da shukar ɗaki irina. Yau sati biyar kenan da na canza ma monstera ɗina tukunya, da gangan na yi shiru sai na ga ta tsaya da ƙafarta tukuna, kar in zo in cika ku da guɗa washegari kuma in dawo da ta'aziyya. Alhamdu lillahi tana nan da ranta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai faffaɗan ganyen nan kore shar da tsage-tsage kamar an bi shi da almakashi. Asalinta kurmin kudancin Meziko ne har zuwa Panama, can hawan manyan itatuwa take yi a cikin inuwa da iska mai laima, shi ya sa take fiddo wasu saiwoyi a jikin karanta suna reto. To mu kuma muka ɗauko baiwar Allah muka kawo Damagaram, garin duwatsu da ƙura, inda ruwan ma sai ka yi gadin pampo tsakar dare ko ka kira ɗan garuwa. Dole sai da lallashi.

Ta farko ni na kashe ta da hannuna bara, ba wani ba. Na kalli bidiyoyi a salula kowa na cewa Maris ko Afrilu ake canza tukunya, ban tsaya na yi tunani ba cewa su a Faransa lokacin ne sanyi ke fita shuka na farkawa, mu kuwa Afrilu tsakiyar bazara ne, zafi ya haura digiri 40, bangon ɗaki ma ba ya taɓuwa. Na samo ƙaton bokitin fenti wai don ta wala, ban huda gindinsa ba, na cika shi da jar ƙasar bayan gida, kuma don tausayi safe ruwa yamma ruwa. Ganye ya fara yin ɗorawa ɗaya bayan ɗaya ni kuma ina ƙara ruwa ina cewa ƙishi ne. Ranar da na tumɓuke ta saiwar ta yi baƙi ta yi luguf, wari kamar kwata. Sama rana na ƙona ta, ƙasa na nutsar da ita.

Wannan ta biyun reshe ne wata abokiyar aikina ta yanko min, ta yi sama da shekara cikin 'yar roba. Tun watan Mayu ta fara nuna min ta ƙosa da wurin: saiwa ta leƙo ta hujin ƙasa, in na zuba ruwa sai ya zarce shuuu ya fita kamar an zuba a kwando, kwana ɗaya ƙasar ta bushe ƙamas, sabon ganye kuma ya zo ƙarami bai kai na baya ba. Hannuna na ta ƙaiƙayi wallahi amma na daure. Sai da aka yi ruwa uku masu kyau cikin Yuli, iska ta yi sanyi, ka shanya wanki ya ƙi bushewa da wuri, sannan na ce to yanzu. Ni dai a wurina kalandar canjin tukunya a garin nan ita ce farkon damina, saboda saiwar da aka taɓa ba ta iya shan ruwa sosai na 'yan kwanaki, in iska busasshiya ce ganye na ta zubar da ruwa ba mai mayar masa, amma in da laima a iska sai ta samu sararin warkewa. Bazara a'a, hunturu ma a'a.

Tukunya kuwa Mirriya na je ranar Lahadi, kilomita 18 ne kawai, kuma kowa ya san tukwanen Mirriya ba sai an yi musu talla ba. Na tsinko kara na auna bakin tsohuwar robar na tafi da shi cikin jaka. Wata dattijuwa na samu cikin tulunanta, bayan mun gaisa na ce, "Inna, ƙarama nake so, kuma ko da mai huji a gindi?" Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "'Yata, lafiyarki? Mu da muke kwana muna addu'a kar ta yi yoyo?" Duk rumfar aka sa dariya. Ta yi ta turo min wata babba wai ta fi kyau, na ƙi, na ɗauki wadda ta ɗara karan nawa da kamar santimita 4 kacal, yatsa guda kowane gefe kenan da ɗan ƙari. Dalili, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba riƙe ruwa kawai take yi ba mai sha, iska ba ta shiga, daga nan ruɓa ke farawa. Bokitin fenti ya koya min wannan.

Biyu na saya, kuma gara da na yi haka. Ƙanena ya ce shi gwani ne, ya kafa ƙusa ya buga da ƙarfi, tukunya ta dare gida biyu. Ta biyun muka jiƙa ta cikin ruwa ta kwana, ya yi ta murza ƙusar a hankali kamar mai haƙa rijiya har ta ɓulla.

Haɗin ƙasa da kwanon awo na yi: yashi mai gwari-gwari kwano 2, ba rairayi mai laushin nan ba don shi toshewa yake, takin awaki wanda ya shekara ya koma baƙi ba ya wari kwano 2, sai gawayi da na farfasa kamar girman gyaɗa kwano 1. Ɗanyen taki kar ku kuskura, ƙona saiwa yake. An ba ni shawarar ɓawon gyaɗa, yana sa ƙasa ta yi sako-sako kam, amma gidanmu a Birni yake, tsohon gini, gara ba ta jiran gayyata, sai na bar shi. In kun gama haɗi ku ɗan jiƙa ku dunƙule a hannu, in kun buɗe ya wargaje to ya yi, in ya tsaya kamar curin fura a ƙara yashi.

Maganar shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya, na san da yawa cikinku na yi, ni na daina. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta daidai inda saiwa take. Tsingaro guda na kifa kan hujin, daga wadda ƙanena ya fasa, ta yi rana ita ma.

Na ba ta ruwa da daddare, washegari bayan la'asar na shimfiɗa buhu a baranda, na kwantar da robar na mammatsa gefenta, ta zaro gaba ɗaya. Kai jama'a, saiwar ta naɗe kamar gammo, ƙasar ma ba ta fi cikin hannu ba. Da yatsa na yi ta warwarewa daga ƙasa kamar tsefe kitso, ba ja ba fizga. Lafiyayyu fari ne da tauri, guda biyu na samu masu ruwan ƙasa da laushi na yanke da sabuwar reza. Na dasa ta daidai zurfinta na da, ban binne karan ba, na kafa sanda da na naɗe da buhun algarara a bayanta na ɗaure da ƙyallen atamfa sako-sako, saiwoyin sama kuma dogayen na karkata su cikin ƙasa. Ku wanke hannu bayan kun gama, ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, in yaro ya tauna ganyen baki da maƙogwaro ke zafi, a yi nesa da ita da yara da ɗan akuya.

Kwana huɗu ta yi a langaɓe. Surukata ta wuce ta ce, "Ganyen da ko miya ba ya shiga ake ma wannan wahala? Da zogale kika shuka da yanzu mun ci kwaɗo." Ban tanka ba, don gabana na faɗuwa. Ban ƙara ruwa ba wannan karon, sai na tura yatsa gaɓa biyu na ji ya bushe sannan in zuba har ya fito ta ƙasa, in zubar da na cikin faranti. Ruwan sama nake tara mata a bido. Taki ba zan ƙara ba sai ta cika sati shida. Tukunyar ƙasa ta fi roba saurin bushewa amma in ka taɓa jikinta sanyi kamar randa, ina ganin saiwa na jin daɗin haka.

Shekaranjiya na ga sabon ganye ya fito a naɗe kamar tabarma, har yanzu bai buɗe ba, kullum da safe sai na leƙa ko zai zo da tsaga. Abin da ke gabana yanzu hunturu ne, ta farkon ma gefen ganyenta ƙonewa ya yi a Janairu, don haka wanda ya taɓa fitar da tasa lafiya daga ƙurar Disamba ya faɗa min a wane ɗaki ya aje ta.