Allurar wata uku da ƙarar da ake yi wa Pfizer a Amurka

A ƙananan asibitocinmu na Gusau da Ƙaura Namoda, idan mace ta ce ta zo a yi mata "ta wata uku", ma'aikaciyar lafiya ba ta buƙatar ƙarin bayani, domin allurar tazarar haihuwa ta Depo-Provera take nufi, wadda kamfanin Pfizer ke haɗawa. Wannan allura ce yanzu mata masu ɗimbin yawa a Amurka suka kai kamfanin ƙara a kanta, suna neman diyya bisa zargin cewa ya san tana iya jawo ƙari a cikin kai, amma bai gargaɗe su ba. A watan Fabrairun 2025 aka tattara ƙararrakin a gaban wata kotun tarayya da ke jihar Filorida, shi kuwa Pfizer ya kare kansa da cewa ya nemi saka gargaɗin, hukumar magunguna ta ƙasar ce ta ƙi amincewa a lokacin.

Tushen maganar wani bincike ne da aka yi a Faransa, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a watan Maris na 2024. An duba mata fiye da 18,000 da aka yi wa tiyatar ƙarin da ke tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, aka gano cewa waɗanda suka shekara ko fiye suna karɓar allurar, haɗarinsu ya ninka na sauran mata fiye da sau biyar. Sai dai adalci ne a faɗi cewa mata 9 kacal ne daga cikinsu suka yi amfani da ita, kuma galibin irin wannan ƙari ba kansa ba ne, ko da yake yana iya danne ƙwaƙwalwa ya kawo ciwon kai mai naci, dishi-dishin gani, ko farfaɗiya.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da aka yi a nan gida. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da wannan kamfani ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, kuma mun ga yadda rashin yarda ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, yara suka ɗanɗana kuɗarsu. Idan labarin nan ya iso wa mata ta WhatsApp kafin ya fito daga bakin ma'aikatan lafiya, da yawa za su daina zuwa asibiti gaba ɗaya, alhali haihuwar kunika tana halaka matan da ba su gama farfaɗowa daga haihuwar baya ba.

Saboda haka ina ganin wajibi ne hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara su yi bayani da Hausa a gidajen rediyo, kuma a riƙa shaida wa kowace mace haɗarin kafin a soka mata allura, a nuna mata sauran hanyoyi ta zaɓa da kanta. Wadda ta daɗe tana karɓa kuma take fama da ciwon kan da ya ƙi jin magani, a tura ta hoton ƙwaƙwalwa, ko da sai an dangana da asibitin koyarwa na Sakkwato.